Randar da Aka Shafa wa Fenti

Malama Jannatu tana koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a Batsari. Babu kayan gwaji, yara kuma sun fara guje wa ajinta.

Wata rana ɗalibarta Rebecca ta zo da kuka. Ta shafa wa randar mahaifiyarta fenti don ado, ruwan ya daina sanyi, ta sha faɗa.

Malama ta sa aka ɗauko randar, ta ajiye ta kusa da marar fenti.

"Ku taɓa. Wacce ke gumi?"

"Marar fentin, Malama!"

"To, iska na busar da gumin nan, ta tafi da zafin ruwan. Fenti ya toshe masa hanya."

Washegari har masu guje wa ajin suka dawo, suna tambayar abin da ke ɗumama ruwan rijiya da asuba.