Neman Bello, Daga Gummi Zuwa Gwashi

Na bar Gusau bayan sallar asuba, a wata tsohuwar fijo, mu tara a ciki. A lokacin ina rubuta wani ƙaramin yaren kwamfuta mai raba aikin gina manhaja tsakanin mutane da na'ura: na'ura ta gwada abin da aka rubuta, ta tura wa mutum ya duba, in ya amince ta wuce mataki na gaba. Mai dubawar shi ne abokina Bello, wanda ke riƙe da shagon kwamfuta a Gummi. Kwatsam ya daina amsawa, wayarsa ba ta shiga, aiki ya tsaya cak, ga ranar da zan gabatar da shi a jami'a ta matso.

Anka

Mun iso da hantsi, bayan 'yan sanda sun sauke mana kaya a hanya. Na sha kunu da ƙosai a tasha. Direba ya tambayi abin da zai kai ni Gummi, na gaya masa.

"Injin bai iya yi shi kaɗai?" in ji shi.

"Haka na tsara shi. Sai mutum ya sa hannu."

Gummi

Da azahar na tarar da shagon Bello a kulle. Wani tela maƙwabcinsa ya miƙe ya kama hannuna.

"Ba ka jiya ba? Babansu ya rasu. Yana gida, Gwashi."

Ni kuwa duk kwanakin nan haushin Bello nake ji. Telan ya ba ni masauki, matarsa ta aiko da tuwon shinkafa.

Bukkuyum zuwa Gwashi

Da safe na shiga mota zuwa Bukkuyum, daga can ɗan acaba ya ɗauke ni ta cikin gonakin dawa. Na sami Bello a ƙofar gida, ya rame. Na shiga na yi wa Inna, mahaifiyarsa, gaisuwa, ta sa mini albarka tana share hawaye.

Ban ta da maganar aiki ba, shi ya ta da ita.

"Malam Nura, ka cire sunana. Ni ab babba yanzu. Ga dawa ta nuna, ga ƙannena. Ban komawa Gummi."

"Sai in jira ka gama girbi."

"A'a. Ka gyara yaren nan, in mutum ya yi shiru ya nemi wani. Amma ya fara gaya maka, ka zo ka duba ko lafiya."

Na kwana biyu ina taya su yankan dawa.

Gida

Na iso Gusau da la'asar, tafukan hannuna duk kanta. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa telan Gummi da Inna. Na ƙara dokar kamar yadda Bello ya ce, sunansa kuma na sa a shafin farko na aikin. Allah ya jiƙan Baba.