An Sa Ta Rijiya

A duk shekarun da na yi ina aikin gid a garin Damagaram, wato mai zagayawa da baƙi yana nuna musu wuraren tarihi, akwai ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan baya, ku gyara zama ku ji.

Kun dai fara ganin halin baƙinmu. Ka kai mutum Birni, ka nuna masa zanen soraye, ka yi ta zuba bayani a kan maginan da suka yi aikin, shi kuwa yana hamma. Amma ka ce, "Nan ne ake fille kai," sai ido ya buɗe, salula ta fito daga aljihu. Bature haka, ɗan lakwal mai boko haka, har Hajiya mai carbi. Za ta dafe ƙirji ta ce "Innalillahi," sannan ta matso kusa ta ce, "To, da wuƙa ne ko da takobi?"

A lokacin, wurin da ya fi cin kasuwa wata tsohuwar rijiya ce da ta ƙafe, a bakin wani ƙauye kan hanyar Guna. Rijiyar Bakanuwa ake ce mata. Labarin da muka gada daga manyanmu a aiki shi ne, zamanin da ake yaƙi tsakanin Damagaram da Kano an kamo wata yarinya Bakanuwa, aka jefa ta ciki da ranta. Mukan tsayar da mota a bakin hanya, baƙi su leƙa, su yi tsaki, su ɗauki hoto, mu juyo. Cikin garin kam ba ma shiga, don ba ya cikin tsarin zagaye.

Wata Talata bayan sallar layya, shef ɗinmu, wato shugabanmu a aiki, Mutari, da muke ce wa Mushe irin na Faransanci, ya kira ni biro, wato ofis. Na tarar da wani dogon tsoho a zaune, da sanda, da ƙunshi a cinyarsa ya riƙe da hannu biyu. Kusa da shi ɗansa ne, magidanci mai tumbi, salula biyu a hannu.

Shef ya ce, "Wannan Alhaji Sabo ne daga Kano, ga ɗansa Nura. Rijiyar Bakanuwa suke so. Amma ba kallo kawai ba, Alhaji zai yi addu'a a wurin. Ka san ƙa'ida."

Na ce, "Na sani, shef."

Ƙa'idar ita ce, in baƙo zai yi wani abu da ya wuce kallo a ƙasar wani gari, ko addu'a ko sadaka, sai an fara zuwa gaida maigari an nemi izini.

Muna hawa mota Alhaji ya dube ni ya ce, "Kai Badamagare ne?"

Na ce, "Gaba da baya, Baba."

Ya ce, "To Nura, riƙe jakarka da kyau, mun shigo hannun masu kwasa."

Na ce, "Baba, ai mun daina. Da muka ga Kanawa ba su iya komai ba sai surutu da cin tuwo, sai muka ga asara ce ciyar da su."

Tsoho ya yi dariya har da tari. Kun san wasan da ke tsakaninmu da Kanawa, ba mai fushi. Nura kuwa tambayoyi ya dame ni da su: ƙasusuwan suna nan? Ana hango ƙoƙon kai? Mutum nawa aka zuba? Wai yana da masu bin sa da yawa a salula, kuma ba abin da suke so irin wannan.

Sai uban ya ce, "Yi mana shiru." Muryarsa ta canza. Ya ce da ni, "Ɗana, yarinyar da ke cikin rijiyar nan tamu ce."

Wallahi sai da na rage gudun mota.

Ya ce kakarsa da ta raine shi sunanta Usaina, ƴan biyu ne ita da Hassana. Suna yara mahaya suka faɗa wa ƙauyensu, Usaina ta ɓuya a rumbu, Hassana aka tafi da ita. Bayan shekaru wani falke ya dawo daga Damagaram, aka tambaye shi, ya ce, "Na ji labarinta wajen Guna. An sa ta rijiya." A ranar aka yi zaman makoki. Ya ce tun yana yaro bai taɓa ganin kakarsa ta dama fura ba ta sa ludayi biyu a ƙwarya ba, ɗaya nata, ɗaya na Hassana. Kuma abin da ya fi ci mata rai har ta bar duniya shi ne ƴar'uwarta ta tafi ba wanka, ba sutura, ba salla.

Ya shafa ƙunshin ya ce, "Likkafani ne. Na yi mata alkawari tun ina saurayi, kasuwa ta ɗauke mini hankali. Yanzu likita ya ce zuciyata ta gaji. Ina so in zura shi a rijiyar in yi mata salla kafin in je in haɗu da Usaina, don ban san da wane ido zan dube ta ba."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Muka isa, muka faɗi gaban maigari, na yi bayani. Ya saurara, ya sosa gemu, na ga kamar yana danne wani abu a bakinsa. Ya ce, "Rijiyar ba tawa ba ce, ta gidan Iya Cima ce. Ku je ku faɗa mata da bakinku." Ya haɗa mu da mai rakiya.

Iya Cima wata ƴar tsohuwa ce ƙarama, tana zaune gindin bedi tana ɓarar gujiya, haƙori bai fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, amma murya kamar ta mai shela. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ga baƙi daga Kano, sun zo yi wa yarinyar da aka jefa a rijiya sutura.

Ta ce, "Wace yarinya?"

Na ce, "Bakanuwar, Iya."

Ta ajiye gujiya. Ta dube ni, ta dubi Alhaji, sai ta kwashe da dariya har tana buga cinya. Ta ƙwala kira, "Ku fito ku ji! Masu motar nan da ke zuwa leƙen rami, ashe kakata suke nema a ciki!"

Mata suka firfito, gida ya cika. Nura ya ɗaga salula, ya rasa wa zai ɗauka.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Baiwar Allah, da girmana ba zan zo wasa ba. Falke ya faɗa wa iyayenmu an sa ta rijiya."

Ta ce, "To ƙarya ya yi? An sa ta rijiya mana! Wata an sa ta daka, wata an sa ta kiwo, ita aka sa ta rijiya. Jan ruwa, Bakano! Kai, Kanawa dai kunne kamar na tulu, ga shi nan amma ba ya ji."

Sai ta daina dariya. Ta ce kada mu ɗauka daɗi kakarta ta sha. Baiwa ce, tun asuba take jan guga har rana ta faɗi, igiya ta cinye tafin hannunta har ba ta iya dunƙule shi. Ta ce, "Na ga hannun da idona, da shi ta yi mini kitso." Daga baya ta samu ƴanci, wani mai gyaran rijiya ya aure ta, wurin ya zama nasu. Ta tsufa tukuf, ta mutu a ɗakinta, garin nan kaf ya yi mata salla. Ta nuna matan da ke tsaye ta ce, "Duk waɗannan masu baki buɗe jininta ne."

Alhaji ya ce, a hankali, "Mene ne sunanta na yanka?"

"Hassana. Ƴar Audu marini."

Sandar ta faɗi daga hannunsa. Ni na tare shi na zaunar da shi a tabarma, don na tuna maganar likitan nan. Iya ta ce a kawo wa baƙo fura ya jiƙa maƙoshi. Wata jikarta ta kawo ƙwarya ta ajiye a gabansa, ta buɗe faifai. Ludayi biyu ne a ciki.

Ya daɗe yana kallon su. Ya ce, "Wannan ɗayan na wa?"

Iya ta ce, "Haka muke yi a gidan nan. Kaka ta ce na Usainarta ne, ko za ta zo."

Jama'a, na ga kuka a aikin nan, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Tsoho yana kuka yana dariya, yana cewa, "Ta zo, ta zo." Da Iya ta gane ko shi wane ne, sai ta rangaɗa guɗa da wannan bakin nata mara haƙoran kirki, mata suka amsa. Ni kaina na juya baya ina gyaran hula, ƙarya nake, hawaye nake sharewa. Kafin la'asar an yanka akuya, maigari ya zo, makaɗa sun zo ba wanda ya kira su. Aka kai Alhaji maƙabarta, aka nuna masa inda take, ya yi addu'arsa a tsaye da ƙafafunsa. Nura da ya zo neman ƙoƙon kai ya ƙare da ɗaukar hoton ƴan'uwa, ana ta ja masa tumbi ana ce masa Bakanon da ya yi shekara ɗari a hanya.

Da za mu tafi, Alhaji ya rasa yadda zai yi da ƙunshinsa. Iya ta miƙa hannu ta karɓa, ta kwance, ta murza yadin da yatsu. Ta ce, "Kai, Kanawa ba hankali, amma sun san yadi." Ta naɗe shi ta sa a ƙarƙashin cinyarta. "Hassana ta samu nata tuntuni. Wannan ni zan shiga da shi. In na riga ka, zan gaya musu su biyun ka cika alkawari."

Ya ce, "In na riga ki fa?"

Ta ce, "Sai ka ce musu ina tafe, ina ɓarar gujiya ne."

Na koma biro na ba shef rahoto. Ya ce, "To yanzu me za mu riƙa gaya wa baƙi?" Na ce abin da ya faru. Ya ce ba za su so shi kamar na da ba. Da gaskiyarsa, wasu har yau in na gama sai su ce, "Au, ashe ba ta mutu ba?" kamar na cuce su.

Ba na jin haushinsu, haka ɗan Adam yake, yana son a ba shi tsoro yana tsaye a inuwa. Kuma an yi ta'asa a ƙasar nan ta gaske, ba na ɓoye wa kowa. Abin da nake so ku riƙe shi ne, duk ramin da za ku nuna wa baƙo, akwai gari a bayansa, kuma mutanen garin suna da baki. Ku shiga ku gaishe su kafin ku kashe musu kaka.

Alhaji Sabo ya ƙara zuwa da sallar da ta biyo, da mota cike da iyali. A shekarar da ta zagayo Nura ne ya zo shi kaɗai, ya faɗi a gaban Iya ya yi mata gaisuwar rasuwar mahaifinsa. Ta yi wa mamacin addu'a, ta sa aka kawo wa Nura fura. Da ya buɗe faifai, ludayi uku ya gani.