Takarda ba ta da ƙafa

Jiya na koma wani ofis a Garwa in ji labarin dosiyen takardun neman aikin da na ajiye wata biyu da suka wuce. Na tarar da shi a teburin mai gadi, an ɗora masa kofin shayi, ko buɗe shi ba a yi ba. An riga an ɗauki ma'aikata. Raina ya ɓaci ƙwarai, ko da yake wataƙila ni ma da laifina. Nan take na tuna da kawuna, Allah ya jiƙansa.

Yakan ce, "Takarda ba ta da ƙafa, ɗana, kai ne ƙafarta."

Shekarar da na gama karatu, ya goya ni a tsohon babur ɗinsa daga unguwar Roumdé Adjia don mu kai takarduna na neman aiki, rigarsa tana ƙamshin turare da man inji. Da muka isa wani ofis, sai ya fara gaida mai gadi da Fulatanci, sannan ya tsaya har sakatariya ta buga mana hatimin karɓa. Na raɗa masa cewa kada mu dame su.

Ya ce, "Mu dame su? Alhamis za ka dawo, da ta gaba ma. Ka taɓa ganin an ɗauki kunya aiki?"

Wannan karon ban koma da wuri ba, don kada a ce na cika naci. Amma fisabilillahi, karatun mutum na shekaru shi ne abin ɗora kofi?

Gobe zan kai wani dosiye, kuma Alhamis zan koma. Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ni kuma ya ba ni ƙafafunka.