Gwangwanin Robar Yaya

Wallahi duk na tuna yadda aka kori yayana daga garejin nan sai raina ya ɓaci kamar yau aka yi. Mutumin da ya shiga wurin da baƙin gashi, ya fito da furfura!

Wayarin mota yake yi. A gareji Ba-Salatif suke kiransa, don shi bai yarda a murɗe waya a naɗe da salatif a ce an gama ba. In soket ya lalace, wato mahaɗin wayoyi irin mai robar nan da ke hana ruwa shiga, sabo yake sawa. Kowace waya sai an zura mata 'yar roba da ba ta kai ƙwayar wake ba, sannan a matse mata fil, ɗan ƙarfen bakin waya, a cusa cikin soket. A manta guda, shi ke nan ruwa ya samu ƙofa, fil ya yi kore, mota ta mutu a tsakiyar titi.

Abin da ba wanda ya sani a gareji shi ne idon Yaya ya daɗe da yin rauni. Matarsa ce idonsa. Tela ce, zura zare ba ya ba ta wuya. Kullum da safe kafin ta hau keken ɗinki sai ta yanka guntayen wayoyi, ta zura wa kowace robarta, ta cika masa gwangwanin madara. Tana yi tana tsokanarsa: "Maigida, yau ma ni ce injiniya, kai ɗan aike." Sauran aikin da lalube yake yi, don hannunsa ya san hanya.

Sai Allah ya yi mata rasuwa. Da aka share makoki na ce, "Yaya, kawo in riƙa zura maka."

Ya ce, "Bar shi, auta, akwai saura."

Ba a jima ba, wata bas mai kai yara makaranta da ya gyara ta mutu a cikin ruwan sama. Aka jawo ta gareji. Mai shayin bakin ƙofa ne ya ba ni labari. Wai mai gareji ya ɓalle soket ɗin a gaban kowa, ruwa ya ɗigo, ga waya tsirara ba roba. Ya ɗaga murya ya ce, "Tsoho, in ido ya tafi a bar wa masu gani. Kwashe kayanka."

Ji rashin mutunci! Ko ɗaki bai ja shi ba, ko kunyar furfura bai ji ba. Kuskure ɗaya ya shafe aikin shekara da shekaru. 'Yan salatif kuwa, waɗanda kullum motocinsu ke dawowa yana rufa musu asiri, ba wanda ya ce uffan. Tir!

Ban tsaya cin abinci ba na nufi gidansa, kuma shi ma na je ne in sauke masa nasa kwandon masifar. Na same shi zaune bakin gado, akwatin kayan aikinsa a gaban ƙafarsa.

Na ce, "Yaya, ba kai ka ce akwai saura ba? Ƙarya ka yi min ke nan?"

Ya sunkuya ya jawo gwangwanin daga ƙarƙashin gado, ya buɗe. Cike yake maƙil, kowace waya da robarta.

Nan fa na ƙara hawa. "Haba Yaya! Ga su a shirye, ka bar su a gida ka je kana lalube? Ka jefa 'ya'yan mutane cikin ruwa, ka zubar da mutuncinka, ka rasa aikinka! Wannan wane irin taurin kai ne?"

Ya ɗauki guda yana murza ta a hankali tsakanin yatsunsa. Can ya ce, "In na sa su a motar mutane, tafiya za su yi da su, auta. Su ne na ƙarshe da hannunta ya taɓa."

Ya mayar da wayar, ya rufe gwangwanin, ya danna murfin sosai.