Yadda Yaya Rifkatu Ke Isar da Saƙon Mutuwa

Shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Rifkatu, kuma ba zan yi wa kowa ƙarya ba, sun yi mini tsawo. Masu cewa lokaci na warkar da ciwo ban san irin ciwon da suke nufi ba. Ni dai na san baya na ciwo, gwiwa na ciwo, ina jan keke mai ƙafa uku tsakanin Kakuri da Narayi tun safe har yamma, kuma babu wadda zan biya wajenta ta ce mini, "Dauda, ka ci abinci kuwa?"

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ce mai karɓar baƙi a wata masaƙa a Kakuri, lokacin da injuna ke kuka har a ji su a bakin titi. Ni kuma ina can ciki wajen saƙa, don a firamare karatuna ya tsaya. Mutane na ganin aikinta zama ne a ƙarƙashin fanka da murmushi. To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan kwangila ya zage ta don Oga bai gan shi ba, Oga ya zage ta don ta bar shi ya shiga. Amma ba wannan ne nauyin aikin ba.

A lokacin babu salula. Wayar da ke kan teburinta ita ce wayar kowa. Daga Filato, daga Binuwai, daga ƙauyukanmu na kudancin Kaduna, duk mai ɗa a masaƙa nan yake bugowa. Haihuwa ta nan take shigowa, mutuwa ma haka. In haihuwa ce, aika masinja take yi, a yi ta ihu a cikin ƙarar inji. In rasuwa ce, ba ta aika kowa da maganar. Sai ta fara nemo mutumin garinsu mamacin, ta je wajen sufabaiza ta karɓo wa wanda aka yi wa rasuwar izinin tafiya, sannan a kira shi. Tana cewa magana zarar bunu ce, kuma ba a gaya wa mutum mutuwa shi kaɗai.

Ranar da uwarmu ta rasu, ita ta ɗaga wayar, da safe. Ta ajiye, ta ci gaba da aiki. Ta karɓi baƙi, ta haɗa Oga da Legas, ta yi wa mai kawo kaya kwatance. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma duk wanda ya wuce ta gabanta ranar bai karanta komai ba. Sai da na tashi aiki na wanke hannu, na tarar da ita da kawunmu mai gadin ƙofa suna jirana. Da ta gaya mini, haushi ya riga kuka zuwa.

"Yaya, tun safe kin sani, kika bar ni ina ta raha da mutane?"

"Da hannunka a cikin inji zan gaya maka? In binne Mama, in dawo in yi jinyar mai guntulallen hannu?"

Daga nan ne ta kifa kai a kan tebur. Ban taɓa ganin ƙarfi irin na ranar nan ba, kuma na yi aiki da maza masu ɗaga dilar yadi.

Yau masaƙa ta zama kango. Kowa da waya a aljihu, kowa ya zama mai karɓar saƙo, ba wanda ya koyi isarwa. Mutum bai gama sanyi ba hotonsa ya zagaye gari. Na ɗauki wata mata a keke, muna tsakiyar titi ta ga hoton ƙaninta a waya da alamar kuka a ƙasa. Da ban riƙe ta ba, da ta faɗa gaban mota. Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce. Na san ba za ta zagi waya ba, ita da ta ci abinci da ita. Cewa za ta yi, gaggawar me ake yi, mamacin zai tashi ne?

Ba ta bar gida ba, ba ta bar mota ba. Abin da ta bari yana wajen tsoffin ma'aikatan da har yau in sun shiga kekena sukan ce, "Yayarka ce ta gaya mini rasuwar babana," kuma da godiya suke faɗa. Ban san wani aikin da ake gode wa mutum don ya kawo mugun labari ba.

Makon jiya abin ya zo kaina. Da yamma wani direba ya bugo mini, ya ce Ishaku, abokina tun masaƙa, ya rasu a hatsarin tirela a hanyar kudu. Uwarsa, Mama Saratu, tana Mahuta, tana fama da hawan jini, kuma shi kaɗai ya rage mata. Direban ya ce in ba shi lambarta. Na ce ba zan bayar ba, kuma duk wanda ya sa hoton gawarsa a waya, ni da shi ne. Na kira maƙwabciyarta na roƙe ta ta karɓe wayar tsohuwar da sunan za ta sa mata caji. Ni ba mai iya magana ba ne, kowa ya sani. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Washegari ban ɗauki fasinja ba. Na biya na ɗauki matar fasto da ƙanwar Mama Saratu, muka isa Mahuta tana shara a ƙofar gida. Ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Dauda, lafiya da sassafe haka?"

Na ce, "Mama, ajiye tsintsiyar nan, mu shiga ciki."