Marurun da ya ƙi nuna

Tajaye

Kafin assalatu muka fito, ni da yayata Rabi, a amalanken mijinta. Tun damina nononta na hagu ya kumbura, ya yi ja, ya yi zafi. Kowa a garin ya zama likita: maruru ne, a bari ya nuna ya fashe. An gasa shi da ruwan zafi, wanzami ya yi ƙaho, har sakiya an yi. Shi dai girma yake, kamar ana zuba masa taki.

Kan kwalta

Da hantsi muka sami a-kori-kura, mu da awaki da buhunan wake. A shinge jandarma ya nemi takardunmu. Da ya ji inda za mu, sai ya manta da takardun, ya shiga gaya mana ganyen da tsohuwarsa ke daka wa kumburi. Muka yi godiya. Abin kyauta ne, kuma ba a musu da mai bindiga.

Malbaza

Mun kwana gidan ɗan kawunmu mai aikin siminti. Matarsa ta ba mu tuwo da miyar kuka, ta ƙara da nata maganin, ba mu tambaya ba.

Asibiti

Washegari likita ya duba, ya daɗe yana kallon tabon sakiya. Tafinta mai juya mana maganar likitan ya ce ba maruru ba ne, ciwon daji ne. Wai a jikin mutum akwai abin da ke umartar tsoka ta tofo in an ji rauni, in ya warke ya yi shiru. A nan ya ƙi yin shiru, kumburin kuma sai ƙara zuga shi yake. Yanzu ya kai hamata, ya wuce wuƙa.

Yaya ta ce, "To yaushe za shi nuna?"

Tafinta ya sunkuyar da kai. Ni ce na yi kuka, ita ta rarrashe ni. Aka ba mu ƙwayoyin rage zafi.

Gida

Motar siminti ta rage mana hanya, muka shiga gari da la'asar. Masu sannu da zuwa suka ce ai daman sun faɗa, likitan da bai iya tsaga maruru ba mi ya sani? Na gode musu, na gode wa direban da mai masaukinmu, Allah ya saka da alheri.

Da suka watse Yaya ta kira autarta Hadiza, ta ɗora hannun yarinyar a nawa, ta ce, "Ki tai da ita gidanki tun yanzu, ta saba da tuwonki ina gani."