Karen Cikin Waya

Yayana ne ya kawo shi, a bayan motar taki, shekarar da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako. Yaya gadi yake yi a wani gida a Kaduna. Matar gidan ta haihu, ta ce ko ita ko kare, maigidan kuma bai tsaya dogon tunani ba, ya ce wa Yaya ya yi yadda ya ga dama da shi. Da wani mai hankali ne da can ya bar shi. Yaya kuwa da ya tashi dawowa noman damina sai ya taho da shi har ƙauyenmu, nan bayan garin Ƙofa, yana riƙe da sarƙa yana taku kamar wanda ya ciwo kyauta.

Gaskiya ban taɓa ganin kare mai muninsa ba. Karnukan da muka sani sirara ne masu dogon baki, na mafarauta ko na ruga, ka sunkuya kamar za ka ɗauki dutse sun ɓace. Wannan gajere ne ja, ƙirji kamar turmi, kai kamar an kifa tukunya. An yanke masa kunnuwa tun yana ƙarami, sai ɗan guntu aka bari a tsaye. Idan zafi ya dame shi ya wangale baki, sai ka ce bakin zai zagaye ƙeya.

"Fitbul ke nan," in ji Yaya, yana yi wa samarin da suka taru a ƙofar gida bayani. "Wannan idan ya kama mutum sai dai a yanke wurin. Ba ya saki."

Baba ya fito daga zaure ya daɗe yana kallon karen. Baba ba mai yawan magana ba ne, kuma ba ya maimaitawa.

"Kare a gidan Musulmi sai da dalili," ya ce. "Ko gadi, ko farauta, ko kiwo. Shi wanne yake yi?"

"Duka, Baba."

"To, za mu gani."

Aka ɗaure shi a kangon bayan gida, inda tsohon rumbunmu yake. Ba zai taka tsakar gida ba, kuma kwanonsa daban, wani tsohon faranti mai ɓula. Yaya ya ba shi abinci a satin farko, daga nan gona ta ɗauke masa hankali. A gidanmu duk aikin da ya rasa mai shi nawa ne. Na yi mita har na gaji, Inna ta ce in na gama mitar ga ƙanzo can a jiƙe.

Da farko daga nesa nake tura masa farantin da doguwar sanda. Sai na fara lura da abubuwa. Agwagwar Inna takan shiga kangon ta zura baki a abincinsa, shi kuma ya ja da baya ya zauna yana kallona, wai in raba su. Idan hadari ya haɗo aka yi tsawa, wannan ƙaton sai ya cusa kai ƙarƙashin rumbu, ya bar gindi a waje yana karkarwa. Tunkuza yake so fiye da komai. Inna sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ranar da ake matsa kuwa tun daga jin ƙamshi yake fara wani ɗan kuka siriri da bai dace da girmansa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kansa. Duk lokacin da na matso sai ya miƙo min wannan ƙaton kai, ya runtse ido yana jira. A can Kaduna an saba shafa shi. Ni kuma ba zan taɓa kare da hannuna ba, ba haka aka rene ni ba. Rannan haushi ya kama ni, na zari kara daga jikin danga na sosa masa tsakanin guntayen kunnuwan nan. Ya kwanta ya baje. Tun daga ranar na ajiye karan a jikin rumbu.

Ba zan ce ba shi da ƙarfi ba. Wata safiya gafiya ta fito daga ƙarƙashin rumbun ina tsaye. Ban ga lokacin da ya tashi ba. Girgizawa ɗaya ya yi mata ya ajiye, ya dawo yana kaɗa min jela. Ranar sai da na koma tura faranti da sanda. Ban taɓa barin ƙananan yara su je kangon su kaɗai ba, kamar yadda ba na barinsu su je kusa da bijimin huɗar Baba, wanda shi kam ya taɓa karya wa mutum haƙarƙari amma ba wanda ya ce a kore shi daga gari.

Da kaka abin ya lalace. Wani bidiyo ya fara yawo a wayoyin mutane, na wani kare irinsa a wata ƙasa da ya kama ƙaramin yaro. Maƙwabciyarmu, wadda muke kira Gwaggo, ita ta shigo da shi har tsakar gida, Inna na kan suyar gyaɗa.

"Ku gani da idonku! Shi ne sak. Wallahi shi ne."

Na kalla. Ban so na kalla ba, kuma har yau ba na son tunawa. Amma na ce, "Gwaggo, wannan fari ne. Namu ja ne."

"Ubansu ɗaya."

"Namu yana bayan gida tun damina, agwagwa ma ta fi ƙarfinsa."

"Lokacinsa ne bai yi ba, 'yar nan. Irinsu haka suke, sai sun sa ka saki jiki."

"To ɓarawon babur da aka kama a kasuwar Kafin Maiyaƙi ai shi ma hula gare shi. Sai a kore duk masu hula?"

"Ke!" in ji Inna. "Gwaggon taki kike faɗa wa haka? Wuce ki ba ni wuri."

Gwaggo ta gyara mayafi ta ce wa Inna, "Wannan bakin nata, Allah ya ba mijinta haƙuri." Ta fita da wayarta, ta shiga gida na gaba.

Kafin a jima sunansa ya koma karen cikin waya. Iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa gidanmu. Yaran da ke zuwa da kwalba sayen mai suka koma wani gida can ƙarshen gari, man Inna ya zauna a jarka, ƙuli ya fara sanyi a roba. Yaya kuwa, maimakon ya kashe wutar, sai ya riƙa hura ta a majalisa. Wai a Kaduna karen ya taɓa tsare ɓarayi har gari ya waye. Wai sai da ɗanyen nama yake ƙoshi. Ni da nake jiƙa masa ƙanzo ina ji ta katanga.

Inna ba ta yi ƙorafi da baki ba, amma Baba yana da ido. Ya kira Yaya ya ce masu keji na nan tafe. Mutanen nan ne da ke yawo ƙauye-ƙauye a babur da kejin ƙarfe a baya, suna sayen karnuka su wuce da su. Kowa ya san ba gadi ake kai su ba. Baba ya ce in sun zo a ba su shi.

Yaya ya roƙi a bari ya gwada shi a farauta tukuna, tunda rani ya shigo. In ya yi, sai a bai wa mafarauta, ya bar garin da mutuncinsa. Shi da wani abokinsa suka ɗora shi a babur suka nufi dajin wajen Tudun Wada. Bayan la'asar suka dawo, karen a kwance a tsakaninsu kamar buhun masara, harshe a waje. A ƙofar gida na ji Yaya na cewa, "Zafi ya yi masa yawa. Sai da muka riƙe shi, da ya kashe karnukan mutane."

Na zagaya kango. Karen ba ya iya taka ƙasa. Tafin ƙafafunsa duk ƙaya, ciki da hammata ƙarangiya ta lulluɓe. Na sa hannu a leda na zauna ina cire masa ɗaya bayan ɗaya. Yana jin zafi, yana ɗan kuka, amma ko haƙori bai nuna min ba. Yaya ya leƙo.

"Yaya, tsakaninka da Allah, me ya kama?"

Ya waiga ya ga ba kowa. "Zomo ya tashi a gabansa. Ya bi shi kamar daga nan zuwa masallaci, ya samu inuwa ya kwanta. Ni na saɓo shi a kafaɗa har bakin hanya." Ya nuna ni da yatsa. "In na ji wannan maganar a waje, ni da ke ne."

"Sai na faɗa. Ai ita ce za ta cece shi."

Na kuwa faɗa. Na faɗa a bakin famfo, na faɗa a gidan niƙa, na faɗa wa Gwaggo. Ba wanda ya yarda. Sun ga bidiyo da idonsu, ni kuma yarinya ce mai gardama. Mutum ɗaya ne ya gaskata ni, Baba, don ya san ba na ƙara gishiri a zance. Ya saurare ni har ƙarshe.

"To kin gani," ya ce. "Ba ya farauta. Wanda agwagwa ke ƙwace wa abinci ba zai yi gadi ba. Kiwo kuwa ba a magana. Ga uwarki an daina sayen manta. Me ya rage?"

Ban taɓa jin bakina ya yi min ɓarna irin ta ranar ba. Na koma kango na ɗauki karan nan. Ya miƙo kai.

Ana jiran masu keji sai ga Baffa, wan Baba, ya zo. Yana da lambu a bakin rafi, nesa da gari kaɗan, albasa da tumatir da ɗan rake. Tun farkon rani ake damunsa, yau a yanke masa tiyo, gobe a tone albasa, har an taɓa yunƙurin ɗauke injin ban-ruwa. Suna zaune a zaure shi da Baba da Yaya, na kai musu fura. Na durƙusa na gaishe shi, zan tashi ya ce in tsaya.

"Ke ce mai ba shi abinci, ko? An ce in ya kama mutum ba ya saki. An ce ko mafarauta sun kasa da shi. Ni irin wannan nake nema, wanda suna kaɗai ya isa. Amma wannan yayan naki," ya nuna Yaya da haɓa, "in ya ce min rana ta fito sai na leƙa. Ke ba kya ɓoye-ɓoye. Yaya abin yake?"

Yaya ya kafe ni da ido. Baba ya sunkuyar da kai yana juya ludayi a cikin fura. Ya san gaskiya sarai.

Maganar tana nan a bakina, duka. Agwagwa, tsawa, zomo, ƙaya. Wata da watanni ina faɗa da duk garin a kan a daina yi wa bawan Allah nan ƙage. Ga shi yau mutum na farko da ya tambaye ni da niyyar ya yarda, kuma in ya yarda, keji ne.

Na dubi tabarma na yi shiru.

Baffa ya jira. Da ya ga ba zan yi magana ba sai ya gyaɗa kai. "Abin har ya kai haka? Wannan yarinyar ta rasa ta cewa? To, na karɓa."

Da na koma ciki Inna ta dube ni ta ce, "Yau kuma wa ya ɗaure bakin?" Na ce kaina ke ciwo.

Washegari aka tafi da shi a amalanke, da farantinsa mai ɓula. Yaran gari suka hau katanga suna kallo. Ba a daɗe ba kwalabe suka dawo gidanmu, Gwaggo ma ta aiko a auna mata mai. Da masu keji suka zo, suka yi ta busa ƙahonsu a ƙofar gida, Baba ya ce musu an riga an bayar.

Da ƙafafuna suka kasa haƙuri na ce zan kai wa Baffa ƙuli. Na same shi a gindin mangwaro yana gyaran tiyo, karen cikin waya kuma a kwance ya ɗora ƙaton kansa a kan takalmin robar Baffa yana minshari. An sauya masa sarƙa, wata ƙatuwa irin ta jan mota, an kafa turke a inda duk mai wucewa zai hango.

"Sarƙar ta mutanen hanya ce," in ji Baffa, bai ko ɗago ba. "Tun ranar da ya kwana biyu a nan na gane abin da kika haɗiye. Kazar can ta kore shi daga inuwa." Ya yi dariya har da tari. "Amma tun zuwansa ko ganyen albasa ba a taɓa ba. Ki ci gaba da ciwon kan nan, kin ji ko?"

Na karyo kara a gefen lambu. Yana jin takuna ya farka, ya taso da gudu har sarƙar ta fizge shi, ya miƙo kai ya runtse ido.

Karen yana nan har yanzu, gemunsa ya fara fari. Ba yaron da ya taɓa wasa da shi, ba kuma wanda zai yi. Labarinsa kuwa sai girma yake. Kwanakin baya a bakin famfo wata yarinya da aka kawo aure daga Badafi ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Yaya, wai da gaske karenku ya cinye ƙafar wani mutum a lambu?"

Gaskiyar ta zo min baki, na haɗiye ta.

"Ja bokitinki," na ce. "Layina ne."